Gyara Ba Ya Cikin Mudu

Tun da aka dawo daga hutu babu zancen da ya cika ɗakunan kwananmu, mu masu karatun ilmin kwamfuta, kamar zancen tafinta. Da yake mujallar nan ta ɗalibai duka ce, har da masu karatun lauya da na aikin gona, bari in yi ɗan bayani tun da wuri don kada a bar kowa a baya. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Ingilishi, kai, ko harsunan nan da muke hana idonmu barci muna koyo, irin su C, ba ta jin su. Iyakar abin da ta sani shi ne sifiri da ɗaya. Saboda haka akwai wata manhaja da ke tsaye tsakaninmu da ita, wadda ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta, ta juya shi ya koma abin da inji zai iya aikatawa. A aji kwamfaila muke ce mata. Ni a wannan takarda tafinta zan ce, gama aikin ke nan, irin na mutumin nan mai tsayawa tsakanin Di'o da talakawa a zamanin Turawa.

Abin da ya tayar da ƙurar kuwa shi ne, wani abokina da muke ɗaki ɗaya, wanda ke shekararsa ta ƙarshe, ya gaji wani rubutun umarni na lissafin kayan kanti daga wani da ya gama bara, shi ma wancan a hannun wani ya same shi. Rubutun ya yi shekaru yana bi hannu hannu, kowa ya ɗan canza masa suna ya miƙa a ba shi maki. A tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji ko tari ba ya yi. Ran da abokina ya sayo tasa kwamfutar, ta gwanjo, ya ɗora mata sabon tafinta, ya ba shi rubutun, sai tafinta ya ce atafau bai san zancen ba, ya jero masa kurakurai har allo ya cika. Ga shi saura mako uku a miƙa aiki. Kafin gari ya waye magana ta zama ta jama'a. Wasu suka ce wannan zalunci ne tsantsa, abin da aka karɓa jiya a ƙi shi yau. Wasu suka ce ai halin Turawa ke nan, suna zaune a ofis mai sanyi suna rushe guminmu da alƙalami ɗaya. Wani ma, wanda ba ya rasa babbar kalma a aljihu, ya ce sabon mulkin mallaka ne. Daga nan sai suka juyo kaina, wai ni ne ya kamata in fi kowa jin zafin abin, tun da ni mutumin Gidan Katta ne, wanda malamin Hausa ya sha yi wa jan biro a sakandare don ya rubuta Hausar gidansu.

To, na ƙi shiga wannan ayari, kuma dalilina nake so in shimfiɗa a nan. Ina tausayin abokina, na kuwa taya shi aikin. Amma a nawa ganin masu tafinta sun yi daidai, sun ma makara, kuma in akwai wanda ya cancanci a tsare shi da tambaya, to, yana nan cikin harabar makarantar nan, ba sai an haye teku ba.

Duk wanda aka taɓa aike kasuwar Illela sayen gero ya san mudu, ya kuma san gyara. Mai hatsi zai auna maka mudunka cif, sa'an nan ya ɗebo ɗan wani abu da tafin hannu ya watsa a kai. Wannan ɗan abin shi ne gyara. Ba don yana ƙaunarka yake yi ba, so yake mako mai zuwa ka wuce rumfuna goma ka zo tasa. Yau ya ba ka, gobe hatsi ya yi tsada ya hana, ba kuwa alƙalin da zai saurare ka in ka kai ƙara. Mudu shi ne abin da kasuwa duka ta yarda da shi. Uwar gidan da ta san ciwon kanta da mudu take lissafin tuwon iyalinta, in gyara ya samu ta gode, in bai samu ba yara ba su kwana da yunwa.

Haka tarihin harshen C yake. Dennis Ritchie ne ya ƙago shi a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka wajen 1972, kuma cikin 1978 shi da Brian Kernighan suka fito da littafin da ya zama jagoran kowa. Da harshen ya bazu sai kowane kamfani ya gina nasa tafintan, kowa kuma ya watsa nasa gyaran a kai, har ya zama rubutun da ke aiki a wannan inji ba ya aiki a wancan. Ganin haka aka kafa kwamiti a Amurka cikin 1983, ya shekara shida yana tankaɗe da rairaya, cikin 1989 ya fito da daidaitacciyar ƙa'ida, hukumar ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta karɓe ta cikin 1990. An sake bitar ƙa'idar cikin 1999 da 2011 da bayan nan. Mudun ke nan. Amma masu rumfa ba su fasa ba da gyara ba. Kamfanin Borland ya fito da Turbo C cikin 1987, ya kuma ɗora masa conio.h da clrscr da getch, abubuwan da ba su taɓa shiga ƙa'idar C ba ko sau ɗaya. A wannan shekarar ce kuma Richard Stallman ya saki GCC, tafintan nan na kyauta wanda yawancin duniya ta dogara a kansa, shi ma da tulin ƙarinsa. Sai dai a yi musu adalci, masu GCC ba su ɓoye ba. A littafin bayaninsu sun ware babi guda sun ce waɗannan namu ne, ba na ƙa'ida ba, suka kuma ba da wata kalma, -pedantic, wadda in ka haɗa da ita tafinta zai riƙa nuna maka inda ka bar mudu ka shiga cin gyara.

Yanzu sai mu dubi zargin da ake yi, cewa dare ɗaya ake wayar gari a janye abu. Ƙarya ce, kuma tarihin yana rubuce ga mai son dubawa. Akwai wani ƙari da GCC ya daɗe yana bari, na mutum ya buɗe alamar zance a wannan layi ya rufe ta a wani layi can ƙasa. Tun fitowa ta 3.0, cikin 2001, aka fara gargaɗi cewa za a cire shi, ba a cire ba sai a ta 3.3, cikin 2003. Akwai wani kuma, wanda ke barin mutum ya canza wa ma'aji nau'i ya kuma zuba masa abu a numfashi ɗaya, a hagun alamar daidai. Ƙa'idar C ba ta taɓa yarda da wannan ba. Aka yi shelar za a daina karɓarsa, fitowa ta 3.4 cikin 2004 ta yi ta gargaɗi a kansa, aka cire shi a ta 4.0 cikin 2005. Lalle rubuce-rubuce da yawa sun karye a lokacin, masu su suka yi gunaguni, suka zauna suka daidaita su, duniya kuwa ba ta tashi ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na baya-bayan nan, wanda shi ne ya fi cin mutanenmu. A tsohon C, in ka kira wani aiki da ba ka gabatar da shi ba, watau ba ka gaya wa tafinta abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa ba, tafinta ba ya tsayawa. Sai ya yi kintace, ya ɗauka lamba ce aikin zai mayar, ya wuce. Ƙa'idar 1999 ta soke wannan sakaci. Duk da haka tafintoci suka ci gaba da karɓarsa a matsayin alfarma, suna gargaɗi suna wucewa. Clang bai mai da shi kuskure sosai ba sai a fitowa ta 16, cikin 2023, GCC kuwa sai a ta 14, cikin watan Mayu na 2024. Jama'a, daga 1999 zuwa 2024 shekara 25 ke nan! Ba a haifi yawancinmu ba aka fara wannan sanarwa. Wane mai gida ne zai ba ɗan haya notis na shekara 25, sa'an nan ɗan haya ya fito titi yana kururuwa an yi masa ba-zata?

Wani zai ce, to, in abin yana aiki, ina ruwansu? A nan ne gizo ke saƙa. Abin ba ya aiki, dacewa kawai yake yi. Lambar da tafinta ke kintata tana da gurbi 32. A tsofaffin injuna adireshin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta shi ma gurbi 32 ne, don haka ko aikin adireshi ya mayar, sai kintacen ya faɗa daidai, kamar makaho ya jefi tsuntsu ya samu. A injunan yanzu, har da wayar da ke aljihunka, adireshi gurbi 64 ne. Tafinta mai kintace sai ya yanke rabi ya yar, ya miƙa wa inji guntun adireshi. Ka rubuta wasiƙa ka yage rabin ambulan ka jefa a akwatin gidan waya, ka ga inda za ta. Wani lokaci manhajar ta faɗi nan take, wannan ma sauƙi ne. Wani lokaci kuwa ta yi rubutu a inda bai kamata ba, ta ci gaba da tafiya tana murmushi, lissafin ya ɓaci ba wanda ya sani. Tafintan da ya ce maka bai gane ba ya fi maka alheri nesa ba kusa ba bisa ga wanda ya ƙaga magana ya sa a bakinka. Kakanninmu da suka tsaya gaban Di'o sun san irin ɓarnar da tafinta mai cika baki yake yi.

Ita kanta ƙa'idar ba a bar ta da nata rubabben ba. Akwai wani aiki mai suna gets, wanda ke karɓar rubutu daga mai amfani ba tare da ya auna ko wurin ajiya zai ɗauka ba. Ta irin wannan ƙofa, da wasu, tsutsar nan ta Robert Morris ta shiga kwamfutocin Amurka ran 2 ga Nuwamba 1988, aka kiyasta ta taɓa wajen injuna 6,000 a lokacin da intanet ke jaririya. Sai cikin 2011 aka fitar da gets daga ƙa'idar C ɗungum. Shekara 23 ana lallashi, don tsoron kada a karya wa mutane rubutu. In da laifi a wajen mutanen nan, laifin haƙuri ne da ya wuce kima.

Ba na cewa karya rubutun mutane ba shi da ciwo. Yana da shi, kuma abokan gardamata suna da wata hujja mai nauyi wadda ba su ma kawo ba, bari in kawo musu ita. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux cikin 1991, an san shi da tsananin kafewa a kan cewa kada wani canji a zuciyar Linux ya karya manhajar da mutane ke amfani da ita. Wannan aƙida ce mai kyau. Amma a lura, shi yana magana ne a kan abin da ke hannun mai amfani, mai kanti ko ma'aikacin asibiti wanda bai san komai game da rubutun umarni ba. Tafinta kuwa in ya janye gyara, manhajar da aka riga aka fassara tana nan tana aiki yadda take. Wanda abin ya shafa shi ne mai rubutu, wanda sana'arsa ke nan, a ranar da ya zo sake fassara. Shi ɗin ma ba a toshe masa hanya ba: tsohon tafinta yana nan kyauta ga mai so, sabon kuma yana da ƙofar baya, in ka ce masa -std=gnu89 ko -fpermissive zai kau da kai ya bar ka da halinka. Bugu da ƙari, shi kansa Linux ya ɗanɗani kuɗar cin gyara. An gina shi a kan ƙare-ƙaren GCC har ya zama shekara da shekaru ba tafintan da ke iya fassara shi sai GCC. Da aka so Clang ya iya, sai da aka yi shekaru ana tsince wasu ƙare-ƙaren ɗaya bayan ɗaya, ana kuma koya wa Clang wasu. Yau da Clang kamfanin Google ke fassara zuciyar Android. In aikin da ke da dubban ƙwararru ya sha wannan wahala kafin ya kuɓuta daga rumfa ɗaya, ina ga ni da kai?

Da na je gida hutun da ya wuce na ba kakana labarin irin wannan gardama, gwargwadon yadda zai gane. Ya yi dariya har ya nuna sauran haƙoransa, ya ce ai su sun ga wadda ta fi ta. Shi yaron mota ne a ƙuruciyarsa, a hanyar Sakkwato zuwa Birnin Ƙwanni. A wancan zamani Nijeriya a hannun hagu take tuƙi, gadon Ingila, alhali Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru, duk ƙasashen da suka kewaye mu, a hannun dama suke. Saboda haka duk motar da ta bar Illela ta doshi Ƙwanni tilas ta sake hannu a kan iyaka, in za ta dawo ta kuma sakewa. Ya ce wani sashe na aikinsa shi ne ya riƙa yi wa direba ihu yana tuna masa, musamman da dare in gajiya ta kama shi, don hannu ya saba da gefe guda, hanya kuwa ta koma wani. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar duka ta koma hannun dama. Kakana ya ce tun kafin ranar an daɗe ana shela a rediyo, ana manna takardu a tashoshin mota. Duk da haka abubuwa sun karye. Sitiyari ya koma gefen da bai dace ba, ƙofar fasinja ta koma tana buɗewa tsakiyar titi, tsofaffin direbobi suka yi ta tsaki suna cewa hannun da suka shekara talatin da shi aka raba su da shi. Na tambaye shi, to, da an bar ku da hannun hagunku fa? Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, da har yau wani na can bakin iyaka yana ihu."

Kada kuma a ce ina goyon bayan duk wani mai iko da ya tashi ya soke abin da jama'a suka dogara a kai. Mun ga yadda ake yin abin ba daidai ba, ba da daɗewa ba. Ran 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya yi shelar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023, watau kwana 47 kacal, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuwa ba su wadata ba. Aka hana tsoho, sabo bai zo ba, ba ƙofar baya. Ciniki ya tsaya, a garuruwan kan iyaka mutane da yawa suka koma saye da sayarwa da sefa. Sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ran 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara, cikin Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya. Da a ce haka masu tafinta suka yi, da ni ne zan riƙe allon zanga-zanga a gaba. Amma a ɗora kwana 47 ba madadi a wannan tafin hannu, a ɗora shekara 25 da madadi kyauta a wancan, sa'an nan mai gaskiya ya gaya mini ko abu ɗaya ne.

Saura maganar Hausar gidanmu, wadda aka so a ɗaure ni da ita. Gaskiya ne an sha yi mini jan biro don na rubuta "gidanai" a inda littafi ke son "gidansa", ko "ɗiya" a inda yake son "'ya'ya", kuma har gobe ina ganin malamin da ya ce wa yaro harshen uwarsa kuskure ne bai san aikinsa ba. Sakkwatanci ba gyara ba ne da wani ya watsa a kan Kananci. Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, ta bar waƙoƙinta na Hausa, tun ba a yi mafarkin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 ba, balle Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Saboda haka misalin ma bai hau ba. Harshen mutane gado ne, clrscr kuwa dabarar wani kamfani ce don ya riƙe masu saye. Amma ko an yarda misalin ya hau, a kaina zai faɗo ko a kansu? Ga shi nan ina rubuta wannan takarda da daidaitacciyar Hausa, don ɗan Bauci da ɗan Zariya su karanta ba tare da sun nemi mai fassara ba, in na koma Gidan Katta kuwa in kama tawa, ba wanda ya rage ni da komai.

Abin da ya sa karin harshe ba ya kashe kowa a tsakanin mutane shi ne, mutum yana iya tambaya. A wajenmu tsofaffi in sun ce jaka, naira 200 suke nufi, gadon jakar fam ɗari ta zamanin da, tun da fam ɗaya naira biyu ya koma cikin 1973. Ka tsallaka Ƙwanni, tafiyar 'yan mintoci, a ce maka jikka, sefa 1,000 ake nufi. Kalma guda, kuɗi biyu. Dillalin kan iyaka in ya ji ta sai ya ce, ta wane gefe? Shi ke nan an warware. Inji ba shi da bakin yin wannan tambaya, ko ya ƙi ko ya kintata. Har a rubutun Hausar ma mun fara ganin haka tun da ya shiga kwamfuta. An yi taro a Bamako cikin 1966, an yi a Yamai cikin 1980, duk don a daidaita rubutu, amma har yanzu mu muna rubuta 'y, mutanen Nijar suna rubuta ƴ. Ɗan Adam ya ga 'ya'ya ya ga ƴaƴa ya san abu ɗaya ne. Inji kuwa, in ba an zauna an koya masa ba, kalmomi biyu yake gani, ka nemi ɗaya ya ɓoye maka ɗaya. Mu da ke zaune a inda littafi da kuɗi da mota ke tsallake iyaka kullum, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin tsadar rashin ma'auni guda.

Masu cewa talaka ake zalunta sun juya maganar a bai-bai. Babban kamfani mai kuɗi shi ke iya ajiye tsohon inji da tsohon tafinta shekara ashirin, ya ɗauki ma'aikata suna yi musu jinya. Ni da kai ba mu san injin da za mu samu gobe ba. Yau ta ɗakin gwaji, gobe ta aro, jibi wayar hannu in wuta ta ɗauke. Rubutun da aka yi bisa ƙa'ida shi ne ke bin mu duk inda muka sa ƙafa, ya yi aiki a Sakkwato, ya yi a Maraɗi, ya yi a injin da ba a ƙera ba tukuna. Wanda aka gina a kan gyara kuwa ya ɗaure mu a gindin rumfa ɗaya, ko da mai rumfar ya daɗe da naɗe tabarmarsa.

To, wa ya ɗaure mu? Na ga takardun darasi da idona, ana sayar da su ana ɗaukar hotonsu shekara bayan shekara, shafin farko conio.h, na biyu void main, na uku gets, ba ko layi ɗaya da ya gaya wa ɗalibi cewa na farkon na wani kamfani ne, na biyun ƙa'ida ba ta yi alkawarin karɓarsa ba, na ukun kuwa an kore shi tun 2011. Ɗalibi ya haddace, ya rubuta a takardar jarrabawa, ya ci, ya fita da digiri yana tsammani C ya iya, alhali karin wani tafinta ya iya wanda ya girme shi da shekaru. Ina girmama malamanmu, na kuma san da yawansu suna aiki ne ba wuta ba kayan aiki ba albashin kirki. Amma canza shafi uku a takardar darasi ba ya bukatar kasafin kuɗi. Mu ma ɗalibai kada mu wanke hannunmu. Wane ne a cikinmu ke karanta gargaɗin tafinta? Muddin abu ya fito a allo, sai mu rufe ido mu ce ya yi. Rubutun da abokina ya gada ya bi ta hannun mutum nawa, kowannensu tafinta ya yi masa gargaɗi layi bayan layi, ba wanda ya ga ya dace ya tsaya ya duba, don kowa maki yake nema ya yi gaba.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta iya fitowa a kan ruwa da wuta da kuɗin makaranta, madalla da haka. Ina roƙon wakilanmu su kai wannan ma gaban hukuma, ga shi kuwa ba ta cin ko kwabo. GCC kyauta ne, Clang kyauta ne. A ɗora su duka biyu a kowace kwamfuta ta ɗakin gwaji, a ce ba a karɓar aikin ƙarshe sai ya wuce ta hannun su biyun, bisa ƙa'ida, an kunna -Wall da -pedantic, ba gargaɗi ko ɗaya. Wanda aikinsa ya bukaci wani ƙari da gaske, don akwai irin wannan, musamman ga masu taɓa ƙarfen inji kai tsaye, to, ya killace shi wuri guda ya rubuta a kansa cewa wannan gyaran wane ne, don wanda zai gada ya san inda ramin yake. Na san za a yi kuka a shekarar farko. A yi shelar tun yanzu, a ba masu shekarar ƙarshe uzuri, a fara da 'yan aji ɗaya.

Shi kuwa abokina, a daren farko ya ce shi ba zai taɓa ko layi ɗaya ba, ƙofar baya zai bi. Muka cire masa conio.h da 'yan'uwansa, muka ce wa tafinta ya kau da kai ga sauran. Ya kau da kai, ya fassara. Muka shigar da kaya na farko, sabulu katan biyu, manhaja ta faɗi warwas. Da muka bi sawu sai muka tarar wani aiki ne mai mayar da adireshi wanda ba a gabatar da shi ba, yana nan a layin da tafinta ya fara nuna mana tun farko. Dare uku muka yi muna bin kurakuran ɗaya ɗaya, da fitilar waya a dare na biyu. Ya miƙa aikinsa saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Har yanzu bai yarda na fi shi gaskiya ba, ya ce zai ba ni amsa a fitowa ta gaba, ina kuwa roƙon Edita ya ba shi fili. Jiya da yamma wani ɗan aji uku ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, da filashi a hannunsa, wai ya ji akwai wani aikin lissafin kanti da ake bayarwa.